Amsa ga mai tambaya kan ƙa'idojin kwas ɗin koyon gina shafukan intanet daga nesa

Wani malamin firamare ya aiko mini da tambaya bayan ya yi rajistar kwas na matakin farko na koyon gina shafukan intanet, wanda ake gudanarwa kacokan ta intanet har tsawon mako 15. Ya ce tun kafin a fara darasi aka aiko musu da doguwar takardar ƙa'idoji, kuma abubuwa uku a cikinta sun tayar masa da hankali: an ce kowane ɗalibi ya ware kusan awa 9 a mako, an ce duk aikin da ya makara za a zaftare masa maki, sannan an hana kwafar kod, wato rubutattun umarnin da ake gina shafi da su, daga wurin abokin karatu ko daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT. Yana so ya san abin da ake sa ran ɗalibi zai yi a zahiri, da kuma dalilin tsaurara wa mutanen da ba su taɓa rubuta ko layi ɗaya ba.

Malam, barka da wannan yunƙuri, kuma ka kyauta da ka tsaya ka karanta takardar tun kafin a fara, domin da yawa daga cikin ɗaliban da na koyar ba sa buɗe ta sai ranar da wata ƙa'ida ta rutsa da su. Na shafe shekaru ina koyar da irin wannan kwas daga nesa, na kuma rubuta irin wannan takarda da hannuna, saboda haka zan amsa maka a matsayin wanda ya san abin da ya sa kowace jimla ta shiga cikinta. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne kod ɗin da za ka miƙa ya fito daga kanka da yatsunka, kuma ya riƙa fitowa kowane mako ba tare da giɓi ba. In ka riƙe wannan, sauran sharuɗɗan ba za su yi maka wuyar fahimta ba.

Bari mu fara da abin da za a koya maka, domin daga nan tsarin ya samo asali. Kusan kowane kwas na matakin farko a kan harsuna uku yake tsaye. Na farko shi ne HTML, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, inda shafin intanet na farko ya fito ga jama'a a 1991, kuma da shi ake faɗa wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, cewa wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan hoto ne. Na biyu shi ne CSS, wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar da ƙa'idarsa ta farko a ƙarshen 1996, kuma shi ke kula da launi da girman rubutu da yadda abubuwa za su jeru a fuskar waya ko ta kwamfuta. Na uku shi ne JavaScript, wanda Brendan Eich ya rubuta a kamfanin Netscape a 1995, kuma shi ke sa shafi ya amsa idan an danna maɓalli, ko ya duba fom kafin a aika shi. Waɗannan ukun hawa-hawa suke kamar ginin bene. CSS ba shi da abin da zai yi wa ado sai HTML ya tsayu, JavaScript kuwa yana laluben abubuwan da ke cikin shafi ne ta sunayen da ka laƙaba musu a HTML. Ɗalibin da ya bari mako na 3 ya wuce shi zai iso mako na 7 yana kallon darasin kamar ana yin sa da wani yare, alhali ba ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza ba, matakala ɗaya ce ya tsallake.

Maganar awa 9 kuwa ba malaminka ne ya ƙago ta ba. Ta fito ne daga lissafin da jami'o'in Amurka suka daɗe suna bi, wanda ya ce kowace awa ɗaya ta darasi tana bukatar aƙalla awa biyu na aikin ɗalibi shi kaɗai, a tsawon zango na kusan mako 15. Kwas mai awa 3 na darasi a mako ke nan ya zama awa 9. A kwas na nesa babu ajin da za ka zauna, don haka dukan awoyin suna wuyanka. Abin da na fi so ka gane shi ne, kallon bidiyon darasi shi ne kaso mafi ƙanƙanta na aikin. Mutum zai kalli malami yana rubuta kod na minti 40, komai ya zo masa sarai, ya ji a ransa ya iya. Sai ya rufe bidiyon, ya buɗe farin fayil, ya rasa ta inda zai fara. Kai da kake koyar da yara ka fi ni sanin cewa yaron da ya kalli malami yana rubutu a allo bai iya rubutu ba sai ya riƙe alli da kansa. Saboda haka ka riƙa tsayar da bidiyon kana rubuta kowane misali da hannunka, sannan ka sauya wani abu a ciki da gangan don ka ga abin da zai lalace. Kuma ka rarraba awoyin a kwanakin mako, ko da awa ɗaya ce bayan sallar isha'i, domin matsalar da ta gagare ka da daddare sau da yawa tana warwarewa da safe, wanda kuwa ya tara komai sai ranar Lahadi ba ya samun wannan damar.

Game da kayan aiki ba sai na tsawaita ba. Kana bukatar kwamfuta, ko da tsohuwa ce, domin wannan aiki ba ya neman mai ƙarfi. Kana bukatar burauza irin Firefox ko Chrome, da manhajar rubuta kod irin Visual Studio Code, duk kuwa kyauta ake samun su. Waya tana da amfani wajen kallon darasi da gwada yadda shafinka zai fito a ƙaramar fuska, amma ban ba ka shawarar ka dogara da ita wajen rubutu ba, domin kayan binciken kuskure da ke cikin burauzar kwamfuta, waɗanda ake buɗewa da maɓallin F12, su ne idon mai wannan sana'a. Wani abin kwantar da hankali shi ne, HTML da CSS da JavaScript duk suna aiki a kwamfutarka ba tare da data ba. Ka sauke darussan mako a lokacin da sabis yake da kyau, ka yi aikinka a natse, ba ka bukatar intanet sai lokacin bincike da lokacin miƙawa.

Yanzu ga maganar wa'adi, wadda ita ce ta fi jawo ɓacin rai tsakanin malami da ɗalibi. Da farko ka duba da agogon wace ƙasa aka rubuta shi. Idan makarantar a gabashin Amurka take, kuma aka ce ƙarfe 11:59 na daren Lahadi, to a Kano ko Maraɗi asubahin Litinin ke nan: ƙarfe 4:59 daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, ƙarfe 5:59 kuma a sauran watannin, saboda su suna sauya agogonsu sau biyu a shekara, mu kuwa ba ma sauyawa. Na ga ɗaliban da suka rasa maki saboda wannan awa ɗaya tak. Na biyu, ka san cewa manhajar da ke karɓar aiki ba ta san uzuri ba, lokacin da fayil ya shiga kawai take rubutawa. Kusan kowace takardar ƙa'idoji tana cewa matsalar kwamfuta ko ta intanet a daren wa'adi ba uzuri ba ce, kuma na san yadda wannan jimla take yi wa mutumin da aka ɗauke masa wuta tun la'asar zafi. Amma ka dubi al'amarin ta ɓangaren malami: ba shi da hanyar bambance wanda wuta ta yanke masa da wanda bai fara aikin ba sai bayan magariba, kuma idan ya ɗaga wa ɗaya ƙafa ba tare da hujja ba, ya zalunci wanda ya hana idonsa barci don ya cika alkawari. Bayan haka akwai dalilin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba, wato malami ba zai iya fitar da amsar aikin wannan mako ya yi bayaninta ba muddin akwai waɗanda ba su miƙa ba, don haka makarar mutum biyu tana riƙe ajin baki ɗaya.

Maganin wannan a hannunka yake, kuma Hausawa sun riga sun faɗa cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa wa kanka wa'adi kwana ɗaya kafin na makaranta. Idan tsarin ya yarda a miƙa fiye da sau ɗaya, kamar yadda yawanci suke yarda, ka miƙa abin da ka samu tun yana rabi, daga baya ka sauya shi da cikakke, domin rabin aiki da ya shiga a kan lokaci yana da maki, cikakken da ke cikin kwamfutar da cajinta ya ƙare kuwa ba shi da ko ɗaya. Idan kuma lalura ta gaskiya ta taso, rashin lafiya ko rasuwa ko haihuwa, ka rubuta wa malami kafin wa'adin ya cika. A sanina malamai kaɗan ne suke ƙin uzurin da ya riga wa'adi zuwa, wanda ya zo bayan kwana uku kuwa yana da wuyar karɓuwa ko da gaskiya ne. Ka kuma duba ko takardar ta ba da wasu 'yan kwanakin rangwame da ɗalibi zai iya ci ba tare da bayani ba, ko ta ce za a jefar da maki mafi ƙanƙanta. In akwai su, ka adana su don ranar da ka fi bukata, kada ka cinye su a watan farko.

Za ka kuma tarar da ƙa'idoji kan yadda ake miƙa aiki, waɗanda da farko za su yi maka kama da neman fitina: a sa wa babban fayil suna index.html, a rubuta sunayen fayiloli da ƙananan haruffa ba tare da tazara ba, a zuba hotuna a folda guda. Kowace ɗaya daga cikinsu tana da dalili na aiki. Wata ɗaliba ta taɓa rubuto mini cikin damuwa cewa na ba ta ƙaramin maki a kan shafin da ta tabbata yana da kyau, ta haɗo da hoton fuskar kwamfutarta, ga shafin tsaf, ga hotunan atamfofin da take sayarwa sun jeru. A wurina kuwa babu hoto ko ɗaya sai ƙananan akwatuna babu komai a ciki. Da muka duba tare sai muka ga abu biyu. Ta rubuta adireshin wasu hotunan tun daga C: na kwamfutarta, wurin da babu shi a kowace kwamfuta sai tata. Sauran kuma ta ajiye su da suna irin Atamfa1.JPG, amma a cikin kod ta rubuta atamfa1.jpg. Windows ba ya bambance babban harafi da ƙarami a sunan fayil, amma yawancin kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan duniya a kan wani tsari mai suna Linux suke aiki, shi kuwa yana ɗaukar waɗannan a matsayin fayiloli biyu daban. Tun daga ranar nake gaya wa kowane aji cewa ana duba aiki ne yadda ya buɗe a wurin mai dubawa, domin haka abokin ciniki zai duba shi gobe. Kafin ka miƙa, ka kwafe foldar zuwa wani wuri ko wata kwamfuta ka buɗe, sannan ka bi da shafin ta manhajar tantance HTML ta W3C, wadda kyauta ce, za ta nuna maka alamar da ka buɗe ba ka rufe ba.

Akwai wata ƙa'ida da ta shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa. Za a ce maka kowane shafi ya ɗauki layin da ke cewa charset="utf-8" a samansa. Wanda ke rubutu da Turanci zalla zai iya mantawa da shi bai ga wata illa ba, amma kai idan burauza ta karanta shafinka da tsohon tsarin haruffan Turai, kalmar ƙasa za ta fito a matsayin Æ™asa, haka duk wata ɗ da ɓ za su rikiɗe su zama tarkace. Ka kuma saba da rubuta lang="ha" a kan shafin da ke da Hausa, domin ta nan burauza da injinan bincike da manhajojin da ke karanta wa makafi shafi suke sanin harshen da aka yi rubutun da shi. Don waɗannan makafin ne ma ake cire maki idan ka sa hoto ba ka rubuta masa ɗan bayani ba, kuma ina ganin wannan na cikin ƙa'idojin da suka fi cancanta a tsaya a kansu tun daga makon farko.

Sai maganar neman taimako. Matambayi ba ya ɓata, amma a wannan fanni tambaya ma tana da ladabinta. Saƙon da ya ce “Malam, abin ya ƙi yi” ba ya ba malami abin kamawa, sai ya sake tambayarka, kai ma ka sake amsawa, kwana biyu su tafi a banza. Tambaya mai kyau tana faɗin abin da kake so ya faru, da abin da ya faru a maimakonsa, da ainihin jan saƙon kuskuren da burauza ta nuna tare da lambar layinsa, da abin da ka riga ka gwada. Sau da yawa kafin ka gama rubuta waɗannan za ka gano matsalar da kanka. Ka duba awoyin da takardar ta ce malami zai ɗauka kafin ya amsa, yawanci kwana ɗaya ko biyu ne na aiki, wanda ke nufin tambayar daren wa'adi ba lallai ta samu amsa ba. Ni shawarar da nake ba ɗalibaina ita ce, mutum ya yi ta fama da matsala kamar rabin awa, idan bai ga alamar ci gaba ba ya tambaya, domin wanda ya tambaya tun bai gwada ba bai koyi komai ba, wanda kuma ya kwana uku a kan waƙafi ɗaya saboda kunya ya yi asarar lokaci.

To, mu zo kan babbar maganar, wato hana kwafa. Na fahimci abin da ya ɗaure maka kai, domin kowa ya san masu wannan sana'a kullum suna cikin bincike a intanet, suna duba bayanan MDN, shafin da ke bayanin waɗannan harsuna, suna karanta amsoshin Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta kod, suna amfani da kod ɗin da wasu suka rubuta suka sake shi kyauta. Me zai sa a hana ɗalibi abin da gwani yake yi? Bambancin yana ga abin da ake nema. Kamfanin da ya ɗauki gwani shafi yake so, bai damu da wanda ya fara rubuta layin ba. Makaranta kuwa ba ta bukatar shafinka, an riga an gina irinsa ba adadi. Abin da take so shi ne canjin da zai faru a kanka yayin da kake gina shi. Gwani yana iya ɗauko kod ɗin wani ne saboda yana iya karanta shi, ya gane inda zai cutar, ya gyara shi ya dace da bukatarsa, kuma wannan iyawar ba ta samuwa sai ta hanyar rubuta ƙananan abubuwa da hannu ana kuskure ana gyarawa. Wanda ya kwafa a mako na 4 zai samu makinsa, amma zai shiga mako na 5 da ilimin mako na 3, sai ya sake kwafa domin yanzu ba shi da zaɓi, haka zai yi ta tafiya har ya karɓi takardar shaidar abin da bai iya ba. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma a wannan fanni ranar da asiri ke tonuwa ita ce ranar da mai ɗaukar aiki ya ce zauna ka rubuta mu gani.

Iyakar da aka fi bi a fayyace take a kwas ɗin CS50 na jami'ar Harvard, wanda David Malan yake jagoranta, kuma mutane daga ko'ina a duniya suke ɗauka kyauta ta intanet. Ƙa'idarsu ita ce, idan kana neman taimako za ka iya nuna wa wani kod ɗinka, amma ba za ka kalli nasa ba. Ku tattauna dabara da baki, ku zana ta a takarda, abokinka ya nuna maka layin da ka yi kuskure, duk wannan ya halatta. Amma ya turo maka fayil ɗinsa “don ka ga yadda ake yi”, wannan ya ƙetare iyaka, kuma a yawancin makarantu da mai bayarwa da mai karɓa duk hukunci ɗaya ne. Wannan yana da nauyi a wurinmu, domin mun taso a kan cewa hana ɗan'uwa abin da kake da shi rowa ce, kuma na san yadda yake da wuya abokin karatu ya roƙe ka a WhatsApp ka ce masa a'a. Amsar da ta fi ita ce ka ce masa ya turo nasa ku duba tare. Idan kuma ka ɗauko 'yan layuka daga wani bayani na intanet a inda takardar ta yarda, ka rubuta a cikin kod ɗin inda ka samo su, domin abin da aka bayyana asalinsa, ko an rage masa maki, ba a kiran sa sata.

Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa ba a ganewa. Tun 1994 Alex Aiken ya ƙirƙiro manhajar MOSS, wadda jami'ar Stanford ke ɗauke da ita, tana gwama ayyukan ɗalibai da juna tana nuna inda suka yi kama, kuma sauya sunaye ko ƙara tazara ba ya ruɗa ta domin tsarin kod ɗin take dubawa. Ita ba ta yanke hukunci, malami ne yake dubawa ya yanke. Ko babu ita ma, kwafa tana barin sawu. Na taɓa duba ayyuka biyu na ɗaliban da ke garuruwa daban, launi daban, rubutu daban, amma dukansu sun rubuta sunan wani sashe na shafi da kuskuren harafi iri ɗaya a wuri ɗaya, kuma dukansu sun bar wani layi da ba ya aikin komai a ƙarshen fayil. Mutum biyu suna iya dacewa a kan daidai, amma da wuya su dace a kan kuskure iri ɗaya. Idan kwas ɗin yana amfani da Git, manhajar adana tarihin aiki da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, to kowane mataki da ka ajiye yana ɗauke da ranarsa da lokacinsa. Wannan kariya ce babba ga mai gaskiya, domin wanda tarihinsa ya nuna aiki yana girma kaɗan-kaɗan cikin kwana biyar yana da hujjar da babu mai musa ta, saɓanin wanda layi 300 suka faɗo masa a lokaci guda. Don haka ka riƙa ajiyewa a kai a kai, ka kuma tura aikin zuwa GitHub, shafin da ake ajiye irin wannan aiki a intanet, ko inda aka ce, sai ya zama ko kwamfutarka ta lalace aikinka yana nan. Abu ɗaya za ka kiyaye: idan takardar ta ce ma'ajiyar aikinka ta zama a rufe, ka rufe ta, domin barin ta a buɗe tamkar raba amsa ne ga duk mai wucewa, kuma kada ka taɓa ajiye kalmar sirri a cikin kod.

Maganar ƙirƙirarriyar basira sabuwa ce, domin ChatGPT bai fito ga jama'a ba sai a Nuwamban 2022, kuma har yanzu makarantu ba su tsaya a kan matsaya ɗaya ba. Wasu sun hana baki ɗaya, wasu sun yarda da sharaɗin a bayyana, CS50 kuwa ya hana amfani da na waje, sannan ya samar da nasa mataimakin a 2023, wanda aka tsara shi ya riƙa yi wa ɗalibi jagora maimakon ya miƙa masa amsa. Abin da ya hau kanka shi ne abin da takardar kwas ɗinka ta ce, ba abin da wani kwas ya yarda da shi ba, kuma inda jimlar ba ta fito maka sarai ba, ka tambaya a rubuce ka ajiye amsar. Ra'ayina kuwa, a wannan matakin hanin yana da hujja mai ƙarfi. Ayyukan matakin farko ƙanana ne da gangan, irin waɗanda manhajar za ta gama cikin daƙiƙoƙi, kuma wahalar da take ɗauke maka ita ce ainihin darasin. Sa'annan tana iya ba da amsa mai kyan gani wadda ba daidai ba ce, ko wadda ta yi amfani da dabarun da ba a koya muku ba, sabon shiga kuwa ba shi da ma'aunin da zai gane hakan. Shi ya sa malamai da yawa yanzu suke kiran ɗalibi ta bidiyo na 'yan mintuna, su nuna masa wani layi a aikinsa su ce ya faɗi abin da yake yi, ko ya sauya shi a gabansu. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina ke nan tun kafin a kira su: kada ka miƙa layin da ba za ka iya bayaninsa ba, ko ka sake rubuta shi idan aka goge.

Idan kuwa ƙaddara ta sa ka zame, a wani dare da gajiya da tsoron wa'adi suka haɗu, ka sani faɗin gaskiya da wuri ya fi ɓoyewa sauƙi nesa ba kusa ba. CS50 ya shigar da wani sharaɗi a 2014 wanda ya ce ɗalibin da ya kai kansa cikin awa 72 zai iya rasa makin wannan aikin, amma ba za a miƙa shi ga kwamitin ladabtarwa ba, sai dai in ya maimaita. Ba kowace makaranta ce take da irin wannan a rubuce ba, amma ka duba taka, domin ko inda babu shi, malami yana da sassauci ga wanda ya zo da kansa fiye da wanda aka kamo.

Takardar ba a kanka kaɗai take ba, alkawari ce ta ɓangare biyu, kuma kana da haƙƙin ka riƙe malami da nasa ɓangaren. Ya kamata ta faɗi yadda aka raba maki tsakanin ayyukan mako da gwaje-gwaje da babban aikin ƙarshe, da ma'aunin da za a duba kowane aiki da shi, da kwanakin da za a ɗauka kafin a dawo maka da gyara, da hanyar da za ka bi idan kana ganin an yi kuskure a makinka da wa'adin yin hakan. Gyaran da bai iso ba sai bayan ka miƙa ayyuka uku na gaba ya rasa rabin amfaninsa, saboda haka idan ya yi jinkiri ka tuna wa malami cikin ladabi, kana ambaton abin da takardar ta ce. Idan kana da wata lalura ta gani ko ta ji, ka sanar tun makon farko don a tanadar maka abin da ya dace. Ka kuma nemo ranar ƙarshe da aka yarda ɗalibi ya janye ba tare da an rubuta masa faɗuwa ko ya yi asarar kuɗinsa duka ba, ka rubuta ta a kalandarka tare da ranakun miƙa aiki da agogon garinku. Tunda kana koyarwa, ka ɗora waɗannan ranaku a kan jadawalin makarantarku, domin makon da za ka yi wa yara jarrabawa ka yi makin takardunsu shi ne makon da awa 9 za su fi wuyar samuwa, kuma gara ka rubuta wa malamin kwas ɗin tun yanzu ka tambaye shi ko za a buɗe maka aikin wannan makon da wuri.